Sunan Ganye Ba Shi Ne Sanin Magani Ba

Ɗana, 'yata, na lura sha'awar maganin gargajiya ta dawo a tsakaninku, kuma hakan bai ɓata mini rai ba ko kaɗan. Kuɗin asibiti ya fi ƙarfin gidaje da yawa, ƙwayar kemis kullum sai ƙara tsada take, ga shi kuma Allah Ya wadata dajinmu da itatuwa masu amfani. Ba na cikin masu cewa duk abin da ya fito daga tukunyar ƙasa jahilci ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da asibitoci suka fi dogara da shi a yau daga ganye aka samo shi. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka tace shi a 1972 daga wani ɗan'uwan tazargade, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A nan gida ma, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar da Niprisan domin masu ciwon sikila, daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani ice ɗan'uwan madobiya, kuma asalin haɗin daga hannun wani mai maganin gargajiya aka karɓo shi. Saboda haka ba raina ganye na zo yi ba. Na zo in tuna muku cewa yana da ƙarfi, kuma ƙarfin nan da yake warkarwa da shi, da shi yake illatawa.

Damuwata ita ce abin da ya zube a hanya tsakanin kakanninku da ku. Tsohuwar 'yar mai ganye in ta ce maka sabara magani ce, ba a nan saninta ya tsaya ba. Ta san ganyen za a ɗauka ko saiwar. Ta san jiƙawa za a yi ko dafawa ko sirace. Ta san ludayi nawa, ta san wanda ba a ba, ta kuma san ranar da za ta dubi uwar yaro ta ce, wannan ya wuce ni, ku yi gaba. Ku kuwa suna kaɗai ya iso gare ku, a saƙon WhatsApp ko a bidiyon minti ɗaya, daga bakin wanda bai taɓa ganin majinyacin ba, kuma ba za a same shi ba ranar da abu ya ɓaci. Sanin sunan ganye kamar sanin sunan gari ne, ba shi ke nuna ka san hanya ba.

Fara da koya wa idonka. Ɗauki tafasa da rai-ɗore, wanda wasu ke kira sanga-sanga. 'Yan gida ɗaya ne, da damina tare suke fitowa a kangaye da bakin hanya, kowannensu furensa rawaya. Wanda ya gan su a hoton waya zai rantse abu ɗaya ne. Amma durƙusa ka duba da kyau. Ganyen tafasa shida ne a kan sanda ɗaya, biyu-biyu suna kallon juna, bakinsu zagayayye, kwansonta siriri ne dogo, a ɗan lanƙwashe. Na rai-ɗore sun fi yawa a kan sandar, bakinsu da tsini, in ka murza warinsu ya fi ƙarfi, kwansonsa kuma mai faɗi ne. Tafasa kwaɗo muke yi da ita. Rai-ɗore kuwa, ko da yake ana dafa ganyensa don zazzaɓi, ɗanyar ƙwayarsa guba ce ga hanta da tsoka. A yankin Saharanpur na arewacin Indiya an yi shekaru ƙananan yara suna mutuwa duk bayan damina, ana zaton annobar ciwon ƙwaƙwalwa ce, sai daga baya likitoci suka gano 'ya'yan wannan tsiro suke ci a wajen wasa. Kama da wane ba wane ba ne.

Suna ma yana ruɗi. Icen da Bakano ke kira darbejiya, shi wani ke kira dogon yaro, wani maina, wani bedi. Wannan da sauƙi, tunda ice ɗaya ne. Mai haɗarin shi ne inda suna ɗaya, ko makamancinsa, ya hau kan tsirrai biyu. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba da ke babban birnin Beljiyam, an sa wata saiwa daga ƙasar Sin a cikin haɗin magani a madadin wata, don sunayensu sun yi kama. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya ciwon daji ya kama su a hanyar fitsari. Kada ka ce ai wannan labarin Turai ne. Dangin wannan tsiro muna da shi a nan, shi ne duman dutse, wanda ake kuma kira maɗacin ƙasa, kuma ba abin da ya haɗa shi da maɗaci babban icen nan sai suna. Shi ya sa nake roƙonka, in za ka sayi magani, ko a Kasuwar Kurmi ko a kasuwar ƙauyenku, ka saye shi da siffarsa, ganye a ganyensa, sassaƙe a sassaƙensa, ka zo gida ka daka da hannunka. Da zarar an mai da shi gari an ƙulle a leda, ko wanda ya tsufa a sana'ar ba zai rantse a kan abin da ke ciki ba.

Akwai waɗanda ya kamata kowane yaro ya san su tun kafin ya san masu amfani. Zaƙami, haukata-yaro, shi ne na farko. Na ga saurayin da abokai suka zuba wa 'ya'yan zaƙami a zoɓo wurin biki da sunan wasa. An kawo shi bakinsa a bushe ƙamas, jikinsa zafi rau amma babu ɗigon gumi, baƙin idonsa ya buɗe, ƙirjinsa na dukan uku-uku, yana ta tsintar abin da babu a kan tabarma, ko mahaifiyarsa bai gane ba. Shi Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma ba kowa ke tashi ba, domin ba a auna ƙarfin zaƙami da ido. Adadin da ya sa wani maye kawai, in daga wani tushen aka ɗebo shi, yana iya tsayar da numfashi. Sai idon zakara, jajayen ƙwayoyin nan masu ɗigon baƙi da yara ke son wasa da su. Ganyensa da zaƙi, ana taunawa don tari, amma ƙwayar in aka tauna ta tana kisa. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu su ma haka, ga su a shingen gida, kuma ba su da ɗacin da zai sa yaro ya tofar. Farin ruwan tumfafiya kuwa, ɗigo ɗaya a ido ya isa ya dushe gani na kwanaki.

In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaya ɗura wa yaro manja ko madara, kada a zura masa yatsa a maƙogwaro. Wanda hankalinsa ya gushe yana iya shaƙewa abin ya tafi huhu. A ɗauke shi zuwa asibiti, a tafi da ragowar abin da ya ci, reshe ne ko kwanso, don likita ya san abin da ya shiga cikinsa. In ido ne, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na kimanin minti 15 kafin a kama hanya.

Sai maganar awo, kuma a nan na fi ganin ana cutuwa. Mun taso da wasu zantuka biyu da nake so ku sake dubawa. Wai ɗacin magani shi ne ƙarfinsa, wai kuma in mutum ya sha ya yi ta amai da gudawa, ciwon ne ke fita. 'Yata, sau da yawa ba ciwon ke fita ba, ruwan jiki ne ke ƙarewa, jikin ne ke fafutukar fitar da abin da kika zuba masa. Filasko yana wanke ciki, gaskiya ne, amma wanda ya mai da shi abin sha duk mako zai wayi gari hanjinsa ba ya motsi sai da shi, gishirin jikinsa ya zube, ƙafa babu ƙarfi. Sanya, wadda ake yi wa laƙabi da uwar magunguna, mai saiwar nan da ke ƙamshin man zafi, tsofaffi ɗan mitsitsi suke ɗiba, don sun san in ta yi yawa tana kai mutum lahira.

Ƙwayar asibiti an auna ta, ta yau daidai take da ta gobe. Ganye ba haka yake ba. Na rani da na damina ba ɗaya ba ne, na fadama da na tudu ba ɗaya ba ne, kuma a tsirrai da yawa saiwa ta fi ganye kaifi nesa ba kusa ba. Zogalen da kike kwaɗo da ganyensa kullum lafiya lau, saiwarsa da ɓawonsa wani abu ne dabam, mai ciki ba ta kusantar su. Wannan rashin tabbas ne ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da shayin ganyen nan ɗan'uwan tazargade wajen maganin zazzaɓin cizon sauro. Abin da ke cikin kofin ba lalle ya isa kashe ƙwayar cutar duka ba, sai ragowar ta tsira, ta koyi jure wa maganin da ake ceton yaranmu da shi.

Hanta da ƙoda su ke karɓar duk abin da ka haɗiye, kuma ba sa kuka da wuri. Mutum sai ya yi watanni yana kurɓar tsimi safe da yamma yana jin garau, ranar da ƙafa ta kumbura fitsari ya ragu, aikin gama ya gama. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya san abin da wannan ciwo ke yi wa gida. Gona ta tafi, shanu su bi ta. Don haka abu ɗaya za ka sha a lokaci ɗaya, kaɗan, na 'yan kwanaki ƙididdigaggu. Haɗin ganye goma sha biyu a gora ɗaya, in ya yi maka illa, wanne za ka kama?

In kai da kanka za ka shiga daji, ba abin da ka ɗebo kaɗai ake dubawa ba, har da inda ka ɗebo shi. Tsiro yana shan abin da ke cikin ƙasar da ya tsaya a kai. Ganyen da ya fi kore shar a cikin gari galibi na kan bola ne ko bakin kwata, kuma shi ne bai dace da cikin mara lafiya ba. A Kano, ruwan da ke fitowa daga masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, musamman na jima, yana ɗauke da ƙarafa masu guba, tafasawa kuma ba ta fitar da su. Mutanen Zamfara sun ga abin da gurɓatacciyar ƙasa ke yi a 2010, lokacin da gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙasar ba ta yi wari ba, ba wanda ya gane ta da ido. Ka nisanci wuraren haƙar ma'adinai, da gefen kwalta, da gonar da aka yi wa feshi. Yanzu feshin kashe ciyawa ya zama ruwan dare, don haka tambayi mai gonar kafin ka tsinka. Matambayi ba ya ɓata.

Ka sa rufaffen takalmi, ka riƙe sanda ka bugi ciyawa kafin ka zura hannu. Tunda magana ta kawo mu nan, bari in faɗi wadda ta fi ci mini rai. Saran kububuwa ba na jiƙo ba ne. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Sai mutum ya kwana ɗaya ko biyu yana hira, ana cewa maganin ya karɓe shi, sannan jini ya fara tsattsafowa daga dasashi, daga tsohon miki, daga can cikin jiki inda ba a gani. Tsagar da aka yi masa don a shafa magani ita ma ta ƙi tsayawa. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara a kan saran maciji, kuma allurar kashe dafi tana ceton mafi yawan waɗanda aka kai da wuri. Waɗanda ake rasawa, galibinsu an tsaya da su ne a gida har lokaci ya ƙure.

Icen ma yana da haƙƙi a kanka. Dubi maɗatan da ke bakin hanyoyin garuruwanmu, an feɗe su tun daga gindi har iya inda gatari ke kaiwa. Abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In ka zagaye ice da sassaƙa ka yanke masa wannan hanyar, a hankali sai ya bushe a tsaye. Tsofaffin masu magani sukan ce a sassaƙo gabas da yamma. Ko wace irin fassara aka yi wa wannan ƙa'ida, amfaninta a fili yake: kudu da arewa sun tsira, icen ya warke, baɗi a dawo a same shi. Ka ɗauki abin da bai wuce tafin hannunka ba, a tsaye ba a kwance ba, daga babban ice ba matashi ba. In saiwa kake so, tono ta gefe guda ɗaya, ka bar uwar, ka mai da ƙasa ka take. In ganye zai yi aikin, kada ka taɓa saiwa sam. Sanya da hano da a da ake samu a bayan gari, yau a wurare da yawa sai an yi doguwar tafiya. Amma abin yana gyaruwa in an so. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun dawo da miliyoyin itatuwa gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, wato barin kututturen da ya toho ya girma maimakon a sare a ƙone. Haka gawo da kalgo da sabara suka dawo inda a da sai iska da rairayi.

Abin da ka ɗebo, wanke shi, ka shanya a inuwa mai iska, a kan tabarma ko faifai sama da ƙasa, inda awaki da kaji ba sa kaiwa. In ya yi fumfuna zubar da shi, kada ka ce za ka kankare, domin gubar fumfuna hanta take ci, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Jiƙo na yini ɗaya ne ko biyu, ba na mako uku a gorar roba a bayan ƙofa ba. Kuma don Allah kada a zuba magani a galan ɗin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur, ko sau nawa aka wanke shi.

'Yata, wannan ɓangaren naki ne, amma ina so maigidanki ma ya ji. Mai ciki, musamman a watanni uku na farko, ta ajiye duk wani jiƙo da tsimi da ma'aikaciyar awo ba ta san da shi ba. Maganin zaƙi da na saurin naƙuda da ake miƙo mata a ɓoye, wasunsu suna matsa mahaifa fiye da kima, ɗa ya galabaita, uwa ta shiga haɗari. Jariri kuwa, wata shida na farko nono ya ishe shi, ba ruwa, ba dauri. Na san wannan maganar tana haɗa ki da surukarki, kuma na san ita ma ƙauna ce ta sa take miƙo ludayin. Ki yi mata magana da ladabi, ki jawo maigidanki ya tsaya miki, in ta kama ku tafi asibiti tare ta ji daga bakin ma'aikaciya. Hantar jariri ba ta yi ƙwari ba. Man darbejiya da babba zai shafa lafiya lau, likitoci a Indiya da Malesiya sun ga yadda ɗan kaɗan da aka ɗura wa jarirai ya jawo amai da jijjiga da suma. Zuma ba a ba wanda bai cika shekara ba. Lalle ma, akwai jariran da aka haifa da wani rauni a jini, wanda ya fi yawa a 'ya'ya maza, in aka shafa musu shi sai jinin ya lalace, ido ya yi rawaya. Ke kanki a jego ki sassauta wa kunun kanwa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta.

Kada ka ɓoye wa likita abin da kake sha. Na san dalilin ɓoyewar, tsoron faɗa ne. Jure faɗan. Zoɓo yana saukar da hawan jini, shuwaka da zogale suna iya saukar da sukari, tafarnuwa da citta in sun yi yawa suna ƙara tsinka jini. In ka haɗa su da ƙwayar da ke irin wannan aikin ba tare da an sani ba, sai a ga mutum ya yanke jiki ya faɗi. Mafi muni shi ne ajiye ƙwayar gaba ɗaya. Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai farfaɗiya, mai tarin fuka, mai shan maganin ƙanjamau, duk wanda ya ce maka daina naka ka sha nawa ka rabu da ciwon har abada, ka tashi daga wurinsa.

Ina girmama masu maganin gado, waɗanda suke zaune a unguwa, kowa ya san gidansu, ya san iyayensu. Irin su in abu ya fi ƙarfinsu sukan ce ya fi. Wanda nake ja muku kunne a kansa shi ne mai mota da lasifika, da ɗan'uwansa na intanet, mai gora ɗaya da ke maganin basir da sanyi da taifot da rashin haihuwa da ciwon daji. Yau yana wannan kasuwa, gobe yana wata jiha. Samari, maganin ƙarfin mazan da kuke saye a ɓoye, an sha kama irinsa a tarar an daka ƙwayar asibiti an zuba a ciki ba awo, kuma ga mai ciwon zuciya wannan na iya zama ajali. Ka duba lambar NAFDAC a jikin kwalba, amma ka san iyakarta. Lambar da ake fara ba maganin gargajiya shaida ce cewa an gwada shi ta fuskar guba, ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka jero a takardar.

Ga ciwon yau da kullum, mura, ɗan kumburin ciki, ciwon jiki bayan aiki, ku yi amfani da abin da kuka sani sarai, citta da kanumfari da lemun tsami, sirace, jiƙon tsamiya. Ni ma da su nake. Amma ku sa wa kanku wa'adi. Babba in ya kwana biyu ko uku babu sauƙi, a tafi a duba shi. Yaro mai zazzaɓi ba a ba shi wannan wa'adin, domin gwajin cizon sauro bai wuce minti 20 ba, ciwon kuma in ya tsananta yana iya ɗauke ƙaramin yaro cikin yini ɗaya. Jijjiga, ƙin kama nono, aman duk abin da aka ba shi, numfashi sama-sama, sanƙarewar wuya, ido rawaya, jini a tari ko a bayan gida, kumburin fuska ga mai ciki, ƙullutu a nono, babu ɗaya daga cikinsu da ake zama a jira a ga abin da jiƙo zai yi. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa neman magani inda ya dace ba ya rage tawakkali. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tsofaffin da suka san daji da gaske suna ƙarewa, kuma yawancinsu ba su rubuta komai ba. In akwai ɗaya a danginku ko a unguwarku, ka je ka gaishe shi, ki je ki zauna kusa da ita, da littafi da alƙalami. Ku bi su daji su nuna muku tsiron a tsaye, da furensa da 'ya'yansa, a rani da damina, ku ɗauki hoto tunda wayar na hannunku. Kada tambayarku ta tsaya a kan me yake warkarwa. Ku tambayi nawa ake sha, kwana nawa, wa ba a ba, me suka taɓa gani ya sami wanda ya wuce awo. Waɗanda Allah Ya ba karatun haɗa magunguna ko na tsirrai a cikinku, ku kai abin da kuka rubuto ɗakin gwaji a tantance. Kafin nan, abin da ba ku sani sarai ba, kada ku sha, kada ku ba ɗan wani, kada kuma ku tura shi a waya. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya raya mana zuri'a.